Suna linzami: sharhi a kan takardu biyu na muhawarar ƙaddara da ikon zaɓi tsakanin shugabannin Baftis na Amurka

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba takardu biyu da suka fito daga hannun shugabannin babbar ƙungiyar ikilisiyoyin Baftis ta jihohin kudu na ƙasar Amurka, wadda za mu riƙa kira Taron Kudu don taƙaitawa. Ta farko sanarwa ce da wani fasto na jihar Misisipi, Eric Hankins, ya jagoranci rubutawa, ta fito a ƙarshen watan Mayu na 2012. Ta biyu rahoto ne na kwamitin sulhu da aka gabatar wa taron shekara a birnin Hustan cikin watan Yuni na 2013. Dukansu suna kewaya tambaya guda: shin Allah ne ya ware waɗanda za su tsira tun fil'azal, ba tare da duban wani abu daga wajensu ba, ko kuwa kowane mutum yana da ikon karɓar kiran da aka yi masa ko ƙinsa?

Raba gardamar tauhidi ba aikinmu ba ne. Abin da ya shafe mu, a matsayin masu nazarin harshe, shi ne yadda kowane ɓangare ya zaɓi kalmominsa, da abin da kalmomin suka ɗauko a ɓoye, da kuma ko takardun sun cim ma abin da suka ce sun sa gaba.

Dole mu fara da gargaɗi a kan Hausarmu. Kalmar "zaɓi" tana ɗauke da abubuwa biyun da ake faɗa a kansu: abin da Faransanci ke kira élection da abin da yake kira libre arbitre. Saboda haka za mu ce "zaɓen Allah" ga na farko, "ikon zaɓi" ga na biyu. Ita kuwa "ƙaddara", a bakin Bahaushe ta haɗa duk abin da ya sami mutum, daga asarar akuya har zuwa mutuwa. A nan ma'anarta ƙunci gare ta: makomar mutum game da ceto kawai. Mai karatun da ya san saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya zai ji kamar ya san hanyar, amma kada ya yi saurin daidaita su, domin gardamar Kirista ta rataya ne a kan abubuwa biyu da babu su a waccan: gadon zunubin Adamu, da tambayar domin su wa Almasihu ya mutu.

1. Tushen gardamar

Jan Kalbin (1509-1564), Bafaranshen da ya zauna a Janeba, ya koyar da cewa zaɓen Allah ba ya rataye da wani sharaɗi daga wajen mutum. Yakubu Arminiyus, malami a jami'ar Laidin ta ƙasar Holand, wanda ya rasu a 1609, ya saɓa wa magadan Kalbin. A 1610 almajiransa suka gabatar da koke mai maki biyar, majalisar Dort (1618-1619) ta yi watsi da su. Daga amsar Dort aka samo abin da yau ake kira "maki biyar na Kalbin": lalacewar ɗan Adam gaba ɗaya, zaɓe marar sharaɗi, fansa domin zaɓaɓɓu kaɗai, alheri da ba a iya turewa, da dawwamar masu bi har ƙarshe. Taƙaitaccen sunan TULIP da ake haddace su da shi ƙirƙirar Ingilishi ce ta ƙarni na 20, littafin Loraine Boettner na 1932 ya taimaka wajen yaɗa shi. Ba ya aiki a wani harshe, kuma ya canza jerin Dort, wanda ya fara da zaɓe. Tun daga nan muna ganin yadda bukatar haddacewa ta sake fasalin abin da ake haddacewa.

Su Baftis da rassa biyu suka taso. Ikilisiyar John Smyth da Thomas Helwys, wadda aka kafa a Amstadam a 1609, ta yarda da fansa domin kowa. Wani reshe ya ɓullo a Landan cikin shekarun 1630, ya bi Kalbin, ya rubuta bayanin bangaskiyarsa a 1644, sa'annan wani da aka amince da shi a 1689. Taron Kudu an kafa shi a Ogasta ta jihar Jojiya a 1845, bayan rabuwa da ƴan arewa a kan batun naɗa masu bayi aikin mishan. Makarantarsa ta farko ta horar da fastoci ta buɗe a 1859, ta koma Luwisbil a 1877, kuma har yau malamanta suna sa hannu a kan takardar ƙa'idoji ta 1858, wadda ta bayyana zaɓen Allah bisa fahimtar Kalbin. Cikin ƙarni na 20 wannan fahimta ta ja baya, sai ta sake kunno kai daga shekarun 1980, ta ƙara ƙarfi bayan naɗa Albert Mohler shugaban makarantar Luwisbil a 1993.

2. Abin da ke cikin tukunyar

Ikilisiyar Baftis ba ta da bishof. Kowace ikilisiya ita ke ɗaukar fastonta, ita ke sallamarsa. Amma kuɗin da ikilisiyoyi ke tarawa cikin asusun haɗin gwiwa da aka kafa a 1925 shi ke ciyar da makarantun fastoci guda 6 da hukumomin mishan. Shugaban Taron, wanda wakilai ke zaɓa kowace shekara, shi ke naɗa kwamitin da daga gare shi, hawa-hawa, ake samun amintattun da ke riƙe da waɗannan cibiyoyi. Tun zaɓen Adrian Rogers a 1979 kowa ya ga cewa wanda ya riƙe wannan kujera shekaru a jere zai iya juya akalar makarantun duka.

Alƙaluma sun ƙara hura wutar. Binciken cibiyar LifeWay na 2006 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na fastocin Taron suna riƙe da maki biyar ɗin, amma wani bincike na 2007 ya sami kusan kashi 30 tsakanin waɗanda ba su daɗe da gama makaranta ba. Ma'anar wannan a fili take: ikilisiyar ƙauye tana biyan kuɗin horar da saurayi, ya dawo mata da koyarwar da ba ta sani ba. Shi kuma saurayin yana tsoron idan ya faɗi sunan aƙidarsa a gaban kwamitin ɗaukar fasto, ba zai sami aiki ba. Abinci da kujera da amana duk suna cikin maganar. Da wannan idon ya kamata a karanta takardun biyu.

3. Sanarwar 2012

3.1. Sunan

Sanarwar ta kira matsayinta da sifar Ingilishi traditional, wato fahimtar gargajiya ta Baftis na Kudu game da shirin ceto. Masu sa hannu sun haɗa da tsofaffin shugabannin Taron da shugabannin makarantu biyu, Paige Patterson da Chuck Kelley. Mun fahimci larurar da ta kai su ga wannan suna. Ba su bin Kalbin, amma ba za su karɓi sunan Arminiyus ba, domin sun yarda da maki na biyar, cewa mai bi na gaskiya ba ya rasa cetonsa. Akwai gurbi a cikin ƙamus ɗinsu, suna bukatar cike shi.

Sai dai sifar da suka zaɓa tana aiki biyu. A sarari tana ba da suna. A ɓoye tana shigo da hukunci ta hanyar abin da masana ma'ana ke kira présupposition da Faransanci, wato abin da jimla ta ɗauka tabbatacce tun kafin a fara magana. Wanda ya ce "ni ne ɗan gida" ya riga ya ce da abokin zamansa baƙo, ko bai furta ba. Gabatarwar sanarwar ta amince cewa mabiya Kalbin suna cikin Taron tun farkonsa, wannan kuwa adalci ne da ya kamata a yaba. Amma a lokaci guda ta laƙaba wa abokan hamayya sifar "sabo". Da aka jera "na gargajiya" da "sabo", an gama shari'ar tarihi ba tare da kiran shaidu ba.

Shaidun kuwa sun rabu. Bayanin bangaskiyar Taron na 1925, a sashen faɗuwar mutum, ya jera maganar haka: zuriyar Adamu sun gaji lalatacciyar ɗabi'a, suna ƙarƙashin hukunci, sa'annan idan sun kai munzalin sanin ya kamata sai su zama masu laifi a aikace. Gyaran 1963, ƙarƙashin jagorancin Herschel Hobbs, ya juya jerin: sun gaji ɗabi'a mai karkata ga zunubi, idan sun kai munzali su zama masu laifi, sa'annan su shiga ƙarƙashin hukunci. Gyaran 2000 ya bar wannan jerin. Kusan kalmomi guda ne, an dai matsar da gaɓa ɗaya daga gaba zuwa baya, amma koyarwa ta canza: a rubutun farko jariri yana ƙarƙashin hukunci tun haihuwa, a na biyu sai ya aikata. To, wace ce gargajiyar? Wanda ya fara ƙirga daga 1963 zai ba Hankins gaskiya, wanda ya fara daga 1858 zai ba Mohler. Sanarwar ba ta faɗi shekarar da take ƙirga daga gare ta ba, kuma wannan shi ne rauninta na farko.

3.2. Iyakar korewa

An gina sanarwar a kan maki 10, kowanne da tabbatarwa da korewa. Wannan tsari yana da fa'ida, domin korewa tana tilasta wa marubuci ya ja layi. Haɗarinsa shi ne korewa takan kwashe fiye da abin da aka aike ta. Maki na 2 ya kore cewa zunubin Adamu ya naƙasa ikon zaɓin kowane mutum. Marubutan suna nufin Kalbin, amma jifar ta sami Arminiyus ma, domin shi ya koyar da cewa nufin mutum bayan faɗuwa ba ya iya juyowa ga Allah sai alheri ya riga shi ya kwance shi. Shi ya sa cikin ƴan kwanaki Mohler ya ce lafazin ya yi kama da matsayin da majalisar Oranj ta la'anta a 529, wato cewa mutum ne ke fara takowa, alheri ya tarbe shi. Roger Olson, wanda fitaccen mabiyin Arminiyus ne, shi ma ya nuna irin wannan damuwa. Masu sa hannu sun musanta, suka nuna jimlar da ke biye, wadda ta ambaci jawowar Ruhu Mai Tsarki ta hanyar bishara. Muna ganin niyyarsu ba ta kai inda aka zarge su ba, amma lafazinsu ya buɗe ƙofar. Takardar da aka rubuta don a sa mata hannu, da lafazinta ake kama ta.

Asalin tuntuɓen yana cikin aikatau "iya". Mu duba jimloli biyu:

(1) Gurgu ba ya iya gudu.
(2) Ɗan halas ba ya iya zagin uwarsa.

A (1) kayan aikin ne babu. A (2) harshe lafiya lau yake, zuciya ce ba ta so, kuma ba za ta so ba. Jonathan Edwards ya gina littafinsa na 1754 a kan wannan bambanci, Andrew Fuller ya shigo da shi cikin Baftis a 1785, ya ce rashin iyawar mai zunubi irin na (2) ne, saboda haka laifi yana kansa, kuma wajibi ne a yi wa kowa wa'azi. Daga wannan reshen na mabiya Kalbin ne William Carey da ƙungiyar mishan ta 1792 suka fito. Sanarwar 2012 ba ta rarrabe "iya" biyun ba. Ta kore naƙasa kamar dai abokan hamayya suna maganar (1), alhali galibinsu (2) suke nufi.

4. Kalmomi uku na nassi

Ɓangarorin biyu suna jingina da ayoyi, kuma a nan mai nazarin harshe yana da abin cewa.

Na farko, Yahaya 3:16. A 2008 masu adawa da Kalbin sun yi babban taro a jihar Jojiya da sunan wannan aya, suna dogara da kalmar whosoever ta fassarar Ingilishi ta 1611, wadda ta yi daidai da quiconque a Faransanci da "duk wanda" a Hausa. A Girkanci ginin shi ne kalmar "duka" tare da sifar aikatau mai ma'anar "mai ba da gaskiya". Jimlar ta tabbatar da cewa babu ko ɗaya cikin rukunin masu ba da gaskiya da zai hallaka. Ba ta faɗi yadda ake shiga rukunin ba. Idan mai gari ya ce duk wanda ya kawo gero zai sami gishiri, bai ce kowa yana da gero ba, bai kuma ce wasu ne kaɗai ke da shi ba.

Na biyu, "duka" a 1 Timoti 2:4, inda ake maganar nufin Allah ga ceton mutane. Mabiya Kalbin da yawa suna karanta ta da ma'anar kowane irin mutum, suna kafa hujja da ambaton sarakuna da masu mulki a ayoyin da suka gabata. Hausa tana raba "kowane mutum" da "kowane irin mutum", don haka mai fassara ba shi da wurin ɓuya. A ganinmu karatun "iri" yana yiwuwa a nahawu, amma shi ne mai bukatar hujja, kuma sau da yawa aƙida ce ke kawo hujjar, ba jimlar ba.

Na uku, aikatau na Girkanci da aka fassara da "jawo" a Yahaya 6:44. Ɓangaren Kalbin yana nuna cewa shi ne aka yi amfani da shi wajen jan taru a Yahaya 21 da jan Bulus da Sila zuwa gaban mahukunta a Ayyukan Manzanni 16:19, wato ja na ƙarfi. Ɗaya ɓangaren yana nuna Yahaya 12:32, inda abin da ake jawowa shi ne kowa. Kuskuren hanya guda ne a wajen duka biyun: ɗauko ma'anar kalma daga wani muhalli a ɗora wa wani. Mu ma muna cewa "ya jawo akuya" da "ya jawo hankalina", ba wanda zai ce igiya ɗaya ce.

Abin da muka fitar shi ne, nahawu shi kaɗai bai ba kowa nasara ba. Takardar da ta yi kamar ya ba ta, ta yi wa mai karatu ƙwange.

5. Rahoton 2013

A watan Agusta na 2012 Frank Page, shugaban kwamitin zartarwa na lokacin, ya haɗa mutum 19 daga ɓangarorin biyu, cikinsu har da Mohler da Hankins da Patterson. Rahotonsu ya ɗauki suna mai kalmomi biyar masu farawa da harafi ɗaya a Ingilishi, ma'anarsu gaskiya, amana, shaida, lokaci da zaman ɗar-ɗar. Salo ne na mumbari, wanda ke nuna an rubuta shi don kunnen fastoci.

Ginshiƙin rahoton shi ne jimla mai ƙafa biyu da aka yi ta maimaitawa: mun yarda a kan kaza, amma mun saɓa a kan kaza. Wakilin suna "mu" a nan ya bambanta da na sanarwar 2012. A can "mu" ne mai ware abokin magana, a nan mai haɗawa da shi. Hausa da Ingilishi da Faransanci ba su raba waɗannan biyu a siffa ba, Fulatanci kuwa ya raba su, da da shi aka rubuta takardun da bambancin ya fito tun a kalmar farko. Wannan gini ya fi na tabbatarwa da korewa dacewa da halin da ake ciki, domin ya sanya saɓanin cikin jimlar maimakon ya tura shi waje.

Rahoton ya mai da kowa ga bayanin bangaskiya na 2000. Sashensa na 5, wanda ya samo asali daga bayanin Niyu Hamsha na 1833, ya kira zaɓen Allah nufinsa na alheri, ya ce bai saɓa wa ƴancin aikin mutum ba, amma bai ce ko zaɓen yana da sharaɗi ba. Shirun da gangan ne, shi ne rumfar da kowa ke fakewa a ciki. Ba mu ga aibi ga wannan ba, tun da ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta ikilisiyoyi masu cin gashin kansu.

Aibin yana wani wuri. Shawara mafi amfani a rahoton ita ce masu neman aikin fasto su bayyana aƙidarsu ba rufa-rufa, ikilisiyoyi su ma su faɗi abin da suke so. Amma da wane ƙamus? Kalmar "ɗan Kalbin" a bakin malamin makaranta tana nufin mai maki biyar ko huɗu, a kunnen dattijon ikilisiya tana iya nufin wanda ba ya kiran mutane su tuba. Binciken LifeWay na 2012 ya nuna haka: kashi 30 na fastoci sun kira ikilisiyarsu ta Kalbin, kashi 30 ta Arminiyus ko Wesley, alhali fiye da kashi 60 sun ce tasirin koyarwar Kalbin yana damunsu. Sauran da ba su ɗauki ko ɗaya cikin sunayen biyu ba, sun nuna sunayen ba su wadatar ba. Da rahoton ya ba kwamitocin ɗaukar fasto tambayoyi a kan aiki, kamar ko ɗan takara zai iya ce wa kowane mutum Almasihu ya mutu dominsa, da ya fi amfani bisa kiran a yi gaskiya kawai.

6. Kammalawa

Abin da ya biyo baya ya gaskata cewa maganar kujera ce tare da ta aƙida. A 2014 aka naɗa David Platt, wanda ake lissafawa a ɓangaren Kalbin, shugaban hukumar mishan ta ƙetare. A 2016 a Sen Luwi ƙuri'a ta ƙi rabuwa tsakanin J. D. Greear da Steve Gaines, har Greear ya janye, sa'annan aka zaɓe shi a Dalas a 2018 da kusan kashi 69. Wasu daga magoya bayan sanarwar 2012, kamar Leighton Flowers, daga baya sun bar sifar "gargajiya" suka koma ga suna da aka gina a kan kalmar tanadi, wato Allah ya tanadar wa kowa hanyar ceto. Muna ganin wannan gyara ne na ƙwarai, domin sabon sunan yana faɗin abin da suka gaskata, bai taɓa asalin kowa ba.

Hukuncinmu a taƙaice: sanarwar 2012 ta fi fito da matsayi sarari, amma sunanta ya yanke shari'ar da bai saurara ba, korewarta ta biyu kuma ta zarce niyyar marubuta. Rahoton 2013 ya fi adalci a gini, amma ya nemi a faɗi gaskiya bai ba da kalmomin faɗinta ba. Ga ɗalibanmu masu aikin fassara akwai aiki a nan: a ɗauki maki na 2 na sanarwar a mai da shi Hausa, a ga wace "iya" da wane "zaɓi" za a sa. Duk wanda ya gwada zai tarar dole ya yanke abin da marubutan Ingilishi suka bari a dunƙule, kuma ya kamata ya sanar da mai karatunsa cewa shi ne ya yanke.